Shirin da Ke Gabatar Ɗauka: Nazari kan Lafiyar Jiki da ta Hankali ta 'Yan Wasan Finafinan Batsa a Kalifoniya

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin abin da ake nema daga ɗan wasan finafinan batsa a jihar Kalifoniya ta Amurka kafin ya tsaya gaban kyamara, bisa dogaro da hukunce-hukuncen kotu, da rahotannin hukumomin lafiya, da binciken malaman jami'a. Da'awarta ita ce, masana'antar ta tsananta ainun wajen auna haɗarin da ke iya tsayar da cinikinta, ta yi sako-sako da haɗarin da ke ƙarewa a kan ɗan wasa shi kaɗai, sa'an nan ta ɗora nauyin shirin, da kuɗinsa da lokacinsa, a wuyan wanda ya fi kowa rauni a cikin ƙullin.

Muƙaddima

Hukuncin wannan sana'a a shari'ar Musulunci ba abin jayayya ba ne, kuma ba shi ne mahallin bahasinmu ba. Sai dai kamar yadda likita ba ya ƙin duba gyambo saboda ɗoyinsa, haka mai nazarin zamantakewa ba shi da uzurin kau da kai daga masana'antar da hajarta ta shiga wayar hannun jama'a a kowace nahiya, alhali galibin masu kallo suna zaton abin da idonsu ya gani sha'awa ce ta taso nan take, ba su san cewa aiki ne da aka tsara, aka ƙulla da takardu, aka share masa fage da gwajin jini da horon ciki da lallashin zuciya ba. Mun zaɓi Kalifoniya domin a can ne, musamman a kwarin San Fernando na birnin Los Anjalis, sana'ar ta yi zaman dirshan shekaru masu yawa, a can ne kuma ta bar rubutattun shaidun da mai tahƙiƙi zai iya kafa hujja da su.

Dalilin zamanta a can shari'a ce. A shekarar 1988 kotun ƙoli ta jihar ta soke hukuncin da aka yanke wa wani mai shirya fim, Harold Freeman, ta tabbatar da cewa biyan 'yan wasa don su fito a irin wannan fim ba kawalci ba ne a dokar jihar. A cikin shekarar nan kuma, bayan abin kunyar da ya bayyana a 1986 cewa Traci Lords ta fito a mafi yawan finafinanta tun ba ta cika shekara 18 ba, majalisar tarayya ta kafa dokar da aka fi sani da sashe na 2257, wadda ta wajabta wa furodusa ya duba katin shaida mai hoto na kowane ɗan wasa, ya kuma adana kwafinsa. Saboda haka farkon shiri takarda ce, kuma a kanta ba mu da dogon zance.

Mas'alar gwajin jini

Nan ne shirin ya fi kauri, nan ne kuma tarihinsa ya fi bayyana, domin kusan kowace ƙa'ida da ake bi a yau musiba ce ta haife ta. Cutar ƙanjamau ta kashe John Holmes, shahararren ɗan wasan zamaninsa, a 1988, amma sai da aka sami ɓarkewar cutar a tsakanin 'yan wasa a 1998 sa'an nan Sharon Mitchell, wadda ita kanta tsohuwar 'yar wasa ce, ta kafa asibitin da ake kira AIM, inda aka ɗora al'adar gwaji sau ɗaya kowane wata da irin awon da ke neman ƙwayar cutar da kanta cikin jini, maimakon jiran garkuwar jiki ta nuna alama. Aka zauna a kan haka shekara shida, har aka soma ɗaukar takardar gwaji kamar wata kariya ce da ba ta ɓulewa.

Abin da ya auku a 2004 ya rushe wannan zato. Bisa rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, wani ɗan wasa da ya dawo daga aiki a Barazil ya yi gwaji ranar 17 ga Maris aka ce ba ya ɗauke da ƙwayar, ya ci gaba da aiki da mata 13 ba tare da kwaroron roba ba, sa'an nan gwajin 9 ga Afrilu ya nuna yana ɗauke da ita, kuma uku daga cikin matan suka kamu. Ba wanda ya yi ƙarya a wannan lamari, ba wanda ya saɓa ƙa'ida. Illar tana cikin ɗabi'ar awon ne, domin tsakanin shigar ƙwayar jiki da bayyanarta a gwaji akwai tazara wadda, ko da awon da ya fi kowane kaifi, takan kai kwana 10 zuwa 33, kuma a farkon kamuwa ne mutum ya fi saurin yaɗa ta. Takardar gwaji, a haƙiƙa, labarin jiya take bayarwa.

Asibitin AIM ya rufe a 2011, bayan ƙararraki da fallasar bayanan sirri na 'yan wasa a intanet, sai ƙungiyar masu masana'antar, Free Speech Coalition, ta kafa tsarin da daga baya aka sa wa suna PASS. A 2013, bayan an sake samun masu ɗauke da ƙwayar, aka rage wa'adin gwaji daga kwana 28 zuwa kwana 14, ana haɗawa da awon tunjere, da ciwon sanyi, da kilamidiya, da ciwon hanta nau'in B da C. Furodusa ba ya ganin sakamakon likita. Abin da yake gani a kwamfuta alama ce kawai da ke nuna ɗan wasa ya halatta ya yi aiki ko bai halatta ba. Idan kuwa aka sami wanda ya kamu da ƙanjamau, sai a yi shelar dakatar da ɗauka gaba ɗaya har a gama bin sawun duk waɗanda ya yi mu'amala da su. Lalle ne mai adalci ya yarda cewa wannan tsari ya yi amfani, kuma masu masana'antar suna da'awar cewa tun 2004 ba a sake yaɗa ƙwayar a wurin ɗaukar da ke bin tsarinsu ba. Amma sharaɗin da ke cikin da'awar ya cancanci lura, domin bin tsarin ganin dama ne ba tilas ba, kuma CDC ta ba da rahoton wani kamuwa da ya auku a 2014 tsakanin 'yan wasa maza, daga mutumin da gwajinsa na baya-bayan nan ya nuna lafiyarsa lau.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga da'awarmu tana cikin ƙananan cututtuka, waɗanda ba su tsayar da ɗauka. A wani bincike da Rodriguez-Hart da abokan aikinta suka buga a 2012, an auna 'yan wasa 168 a Los Anjalis, aka tarar kashi 28 cikin ɗari suna ɗauke da ciwon sanyi ko kilamidiya, yawancinsu ba tare da wata alama ba, kuma da dama daga cikin cututtukan a maƙogwaro suke ko a dubura, inda gwajin fitsari da aka saba yi a lokacin ba ya iya gano su. Ma'ana, mutum yana iya riƙe da takardar halacci alhali yana ɗauke da ciwo.

Kwaroron roba, wanda a zahiri shi ne maganin wannan giɓi, ya zama fagen rigima. A Nuwamban 2012 masu zaɓe a gundumar Los Anjalis suka amince da dokar da ake kira Measure B, wadda gidauniyar AIDS Healthcare Foundation ta tsaya mata, ta wajabta sa shi a kowace ɗauka. Natijar kuwa ita ce lasisin ɗaukar irin waɗannan finafinai ya faɗo daga kusan 480 a 2012 zuwa kusan 40 a 2013, ba don an daina aikin ba, sai don ya ƙaura zuwa wasu gundumomi, ko Las Vegas, ko ɓoye. Da aka nemi faɗaɗa dokar ga jihar duka a 2016, masu zaɓe suka ƙi. Abin mamaki, 'yan wasa mata da yawa suna cikin masu adawa, suna cewa aikin da kan ɗauki sa'o'i yana sa robar ta goge fata har ta yi rauni, raunin kuma ƙofa ce ga cuta. Ba ma kore wannan hujja, sai dai ba ma mance cewa wadda ta nace a kan robar tana iya rasa kira na gaba, kuma zaɓin da talauci ke tsaye a bayansa ba cikakken zaɓi ba ne.

Horon jiki

Abin da ya rage na shirin jiki a gida ake yinsa, ba mai gani, ba mai biya. Akwai motsa jiki da kiyaye abinci na yau da kullum, akwai gyaran gashi da fata da farce, akwai kuma, ga wasu nau'o'in fitowa, taƙaita abinci tun daren jajibiri da wankin hanji da safe, wanda likitoci suka san yawaita shi yana raunana fatar ciki, kamar yadda aski a kusa da lokacin aiki kan bar ƙananan tsaguwa da ido ba ya gani. Mazan kuwa, tun da aka amince da Viagra a Amurka a 1998, dogaro da ƙwayoyi, wani lokaci har da allura, ya zama ruwan dare a cikinsu, tare da haɗarin miƙewar gaba da ta ƙi kwantawa, wadda idan ta wuce sa'a huɗu sai an garzaya asibiti, in ba haka ba ta bar nakasa ta dindindin. Heather Berg, a littafinta Porn Work na 2021, wanda ta gina a kan hira da mutum 81 na cikin masana'antar, ta nuna cewa ana biyan ɗan wasa ne a kan fitowa guda, a matsayin ɗan kwangila, galibi ba shi da kaso a ribar da fim zai yi daga baya, alhali kuɗin gwaji, da tufafi, da sa'o'in shiri duk daga aljihunsa suke fita.

Shirin zuciya

Wannan ne ɓangaren da ba shi da ma'auni. Masana zamantakewa sun daɗe da sanin cewa akwai sana'o'in da ake sayar da fuska da hali a cikinsu. Arlie Hochschild ta bayyana haka a 1983 game da ma'aikatan jirgin sama, ta bambanta tsakanin wanda ke nuna yanayin da ba ya ji da wanda ke tilasta wa zuciyarsa ta ji shi. Ɗan wasan batsa yana yin duka biyun, a cikin al'amarin da ɗan Adam ya fi ɓoyewa, tare da abokin aikin da watakila a ranar suka fara haɗuwa, a gaban darakta da masu fitila. Dabarun da suke tsare kansu da su sanannu ne: sunan aro da ke zama shamaki tsakanin mutum da sana'arsa, jerin sunayen waɗanda ba za a yi aiki da su ba, wanda ake ajiyewa wurin wakili, takardar da ake cikawa kafin ɗauka, ana zayyana abin da aka yarda da shi da abin da aka hana, da kalmar da idan aka furta ta dole a tsaya. Wasu kamfanoni suna ɗaukar hira a bidiyo kafin aiki da bayansa, don shaida cewa an yi komai da yarda.

A nan ma akwai illa da ba ta ɓoyuwa, domin hirar ƙarshe sau da yawa kafin a miƙa lada ake yinta, kuma 'yar wasan da aka canza mata sharaɗi bayan ta riga ta biya gwaji, ta yi tafiya, ta kwana da yunwa, tana da dalilai masu yawa na cewa ba komai. Iyakar munin wannan ya bayyana a shari'ar GirlsDoPorn a San Diego, inda a Janairun 2020 alƙali ya yanke wa mata 22 diyyar kusan dala miliyan 13, bayan ya tabbata an yaudare su da alkawarin cewa bidiyon ba zai shiga intanet ba, aka kuma gaggauta su sa hannu a takardun da ba a ba su damar karantawa ba.

Game da halin zuciyar 'yan wasa kuwa, malamai sun yi saɓani. Grudzen da abokan aikinta, a 2011, sun kwatanta 'yan wasa mata 134 da wasu mata 1,773 na Kalifoniya, suka sami alamun ciwon damuwa ga kashi 33 cikin ɗari na farkon, da kashi 13 na biyun. Griffith da abokansa, a binciken da ya fito a 2013 kan 'yan wasa 177, ba su sami bambanci tsakaninsu da wasu mata ba wajen cin zarafi a ƙuruciya, har ma suka tarar 'yan wasan sun fi ganin ƙimar kansu, ko da yake sun fi ta'ammali da ƙwayoyi. Muna ganin saɓanin daga hanyar ɗibar mutane yake: na farko ta intanet ya nemi masu amsawa, na biyu a asibitin gwaji ya same su, kuma dukansu waɗanda ke cikin aikin suka tambaya, ba waɗanda suka fita da rauni suka yi shiru ba. A masana'antar da ta tsara gwajin jini tun 1998, a 2018 ne Leya Tanit ta kafa Pineapple Support don haɗa 'yan wasa da masu ba da shawara kyauta ko a farashi mai sauƙi, bayan mutuwar 'yan wasa mata biyar cikin 'yan watanni, a cikinsu har da August Ames mai shekara 23, wadda ta rasu a Disamban 2017 bayan an yi mata taron dangi a kafafen sada zumunta.

Ƙasar Japan ta bi wata hanya dabam, ta mai da shirin zuciya al'amarin lokaci. Da aka rage shekarun balaga a doka daga 20 zuwa 18 a Afrilun 2022, majalisa ta kafa doka a Yunin shekarar, wadda ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya, ta hana ɗauka sai bayan wata ɗaya da sa hannu, ta hana fitar da fim sai bayan wata huɗu da ɗauka, ta kuma ba ɗan wasa ikon warware yarjejeniyar ba tare da sharaɗi ba har shekara guda bayan fitowar fim. Wasu 'yan wasan can sun koka cewa jinkirin ya rage musu aiki, yana kuma tura masu buƙatar kuɗi da gaggawa hannun waɗanda ba su bin doka, wato irin ƙorafin da aka ji a Los Anjalis bayan 2012. A Kalifoniya babu irin wannan wa'adi, kuma bisa al'ada takardar sallama haƙƙin hoto a ranar ɗauka ake sa mata hannu, a wurin ɗaukar.