Taragon Gyaɗa: Kayan da Ƙauyukan Arewacin Kano Suka Ɗora wa Jirgi

A Ingila da Amurka akwai masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa na ado, waɗanda ba sa yarda su saka tarago a kan dogo sai sun tabbatar irinsa ya yi aiki a zamanin da suke kwaikwayo, kuma kayan da ke cikinsa su ne ainihin waɗanda ya ɗauka. Da wani zai yi wa jirgin kayan Kano na shekarun 1950 irin wannan hidima, sai ya fara daga gonakin Dambatta, Bichi, Minjibir da Gezawa, domin daga can lodin yake fitowa.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Siriri ne, faɗinsa ƙafa uku da rabi, abin da ya sa taragansa ba su kai na Ingila girma ba. Turawa auduga suka sa rai zai riƙa kwaso wa masaƙun Lancashire. Manomin Kano ya yi nasa lissafin: ƙasar jigawa tana karɓar gyaɗa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma shekara ta ɓaci a ci ta a gida. Auduga kuwa masaƙan gida na biyan ta fiye da Bature. A 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar ta haura tan 19,000.

Ɓararriyar gyaɗa jirgi ke ɗauka, don ba wanda zai biya wa ɓawo kuɗin tarago. Mata ne ke ɓarar ta a turmi, su sheƙe, maigida ya ɗora wa jaki ko raƙumi zuwa wurin sikeli, inda yaran dillalai ke jira da kuɗi da gishiri da turamen atamfa. A nan ake ɗura ta a buhunan algarara a ɗinke baki. Rufaffen tarago aka fi so mata saboda ruwa. In babu, a jera buhunan a buɗaɗɗe a ja tamfol a ɗaure. Bayan gyaɗa sai busassun fatu da ƙiraga da aka ɗaure dami-dami, sai taragon shanu mai tagogin shan iska, makiyayi na biye da su har Ikko. In jirgi zai dawo, ya zo da goro, gishiri, kananzir, yadi da siminti. Kan jirgin kuma da kwal ɗin Inugu yake tafiya.

Yawancin ƙauyukan da gyaɗar ke fitowa dogo bai taɓa ratsa su ba. Reshen da ya kusance su shi ne na Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Jogana, Zakirai da Ringim. Sauran tafiyar jaki ne ya yi ta, daga baya manyan motoci suka karɓa.

Akwai abin da hotunan dalar gyaɗa ba sa faɗa. Muna kallon su da alfahari, kuma mun cancanta, domin gumin talakanmu ne da ƙwazon irin su Alhassan Dantata, wanda ya zama wakilin sayen gyaɗa na Niger Company a 1918. Amma dala jiran tarago take yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirage da taragai sun yi ƙaranci, gyaɗar bana ta riƙa tarar da ta bara a fili ƙarƙashin tamfol, ƙwari na ci. Manomi ya yi nasa, sufuri ne ya gaza.

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Yanzu sabon dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Dambatta da Kazaure, wato tsakiyar ƙasar da ta yi ta ciyar da jirgi daga nesa. Muna kira ga masu aikin kada su tsaya ga ɗakin jiran fasinja. A tanadi wurin lodi da sito da sikeli a tashoshin karkara, a kuma sayi isassun taragan kaya, don wake da riɗi da dabbobin manomanmu su hau jirgi daga kusa da gida.