Kamun kifi da taru a ƙarƙashin ƙanƙara: tafkin Chagan

Tafkin Chagan yana lardin Jilin, arewa maso gabashin ƙasar Sin, kusa da birnin Songyuan. Lokacin hunturu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili, saman ruwan ya daskare har dawaki da motoci su bi ta kai. A lokacin ne masunta ke babban kamunsu na shekara, sana'ar da ake dangantawa da zamanin daular Liao, shekaru kusan 1000 da suka wuce.

Wahalar aikin ita ce shimfiɗa taru mai tsawon kusan mita 2000 a ƙarƙashin ƙanƙara, inda ido ba ya kai. Tun kafin asuba shugaban masunta, wanda a nan za mu kira sarkin ruwa, yake zaɓen wuri. In ya yi kuskure, mutane da dama sun yini cikin sanyi a banza. Sai a fasa babban rami a zura tarun, a haƙa ƙananan ramuka a jere, layi biyu. Ana ɗaura igiya a wani dogon sanda, a riƙa tura shi ƙarƙashin ƙanƙara daga rami zuwa rami, yana jan fikafikan tarun har su kewaye kifin su haɗu a ramin fita. Nauyin ya fi ƙarfin hannu, don haka dawaki ne ke zagaya wani turke mai naɗe igiya. Kifin da ya fito nan take yake daskarewa, ba a buƙatar gishiri ko banda.

Idon tarun manya ne da gangan, ƙananan kifaye su ratsa su wuce. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa har yau ake samun abin kamawa.

A 2008 gwamnatin Sin ta saka wannan su cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Yanzu ana buɗe shi da biki a ƙarshen Disamba, ana gwanjon kifin farko da tsada, ƴan yawon buɗe ido kuma sun cika wurin, har sana'ar ta koma kasuwanci fiye da neman abin kaiwa baki.