Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Tun zamanin dā sunaye suna tafiya ƙasa ƙasa kamar yadda fatake suke yi. Saboda haka sau da yawa mutum yakan ji sunan wani baƙo ya yi kama da nasa, har ya zaci danginsa ne. Wani lokaci zaton yakan zama gaskiya, wani lokaci kuwa kunne ne ya ruɗe shi.

Akwai sunayen da asalinsu ɗaya ne. Wanda Hausawa suke kira Yusufu, shi ne Ingilishi suke kira Josef. Dauda shi ne Dabid, Ibrahim kuwa Abraham. Waɗannan sunayen annabawa ne, tun a cikin Ibrananci ake da su. Sun shiga ƙasar Turai ta hanyar Helenanci da Latin. Ƙasar Hausa kuwa da Larabci suka iso ta, tare da Musulunci, wanda Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka kawo a zamanin Sarki Yaji, watau tsakanin 1349 da 1385.

Amma akwai kamar da ba ta da asali. A shekarar 1781 aka haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. A cikin wannan shekara kuma, can ƙetaren teku, a birnin Karakas na ƙasar Benezuwela, aka haifi wani yaro ana ce da shi Andires Bello. Dukansu biyu suka tashi masu ilmi, masu wallafa littattafai. Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya rasu a Wurno a 1837. Andires Bello kuwa ya koyar da Simon Bolibar, wanda ya jagoranci yaƙin 'yancin ƙasarsu. Daga baya ya koma ƙasar Cile, ya zama shugaban jami'arta na farko, ya tsara mata littafin doka wanda aka zartar a 1855, ya mutu a 1865.

To, wanda ya ga wannan sai ya ce lalle 'yan'uwa ne. Alhali kuwa ko kusa. Bello na Sakkwato daga Fillanci ne, ma'anarsa mataimaki. Na Karakas kuwa sunan gidansu ne, daga Latin ya gangaro, ma'anarsa kyakkyawa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama a kan irinta akan gina tarihi. Waɗansu masana sun ce Bayajida na Daura shi ne Abu Yazid, wani mutumin Afirka ta Arewa wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye, ya mutu a 947. Babbar hujjarsu ita ce kamar sunayen nan biyu. Waɗansu kuwa suka ƙi, suka ce labarin Daura daga Bagadaza ya kawo Bayajida, kuma kamar suna kaɗai ba ta isa shaida ba.

Saboda haka mai neman asalin mutane kada ya tsaya ga abin da kunne ya ji. Ya tambayi harshen da sunan ya fito, da ma'anarsa, da hanyar da ya biyo. In ukun nan sun dace, akwai dangantaka. In ba su dace ba, Hausawa sun riga sun yanke hukunci: kama da wane ba wane ba ne.