Jaridar Iwe Irohin ta Abeokuta, 1859 zuwa 1867

Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba tarihin Iwe Irohin, jarida ta farko da aka buga a ƙasar da a yau ake kira Nijeriya. Shekara takwas kacal ta yi tana fitowa, amma tarihinta na da muhimmanci ga masu tsara manhajar harsunan gida, domin ya nuna cewa wanda aka koya wa karatu yana bukatar abin da zai riƙa karantawa bayan ya bar aji.

Kafuwarta

Wanda ya kafa ta shi ne Henry Townsend, Baturen Ingila ɗan mishan na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna a Abeokuta tun daga 1846 tare da Samuel Ajayi Crowther. A wannan lokaci an riga an fara rubuta Yarbanci da baƙaƙen boko, domin kuwa Crowther ya wallafa littafin kalmomin harshen a 1843. A 1854 Townsend ya kafa maɗaba'a a garin, ya koya wa samari aikin ɗab'i. Da waɗannan ma'aikata ne ya fara fitar da jaridar a ƙarshen 1859, sau ɗaya a kowane mako biyu, a kan kuɗi wuri 120. Ma'anar sunanta ita ce takardar labarai, kuma an yi ta ne don Egbawa da sauran Yarbawa. A 1860 aka ƙara mata sashen Ingilishi.

Manufa da Ƙunshiya

Manufar Townsend ita ce ya cusa wa jama'a ɗabi'ar neman labari ta hanyar karatu. Makarantun mishan suna yaye ɗalibai, amma littattafan Yarbanci kaɗan ne, akasarinsu kuma na ibada. Saboda haka jaridar ta haɗa labaran coci da na ɗaurin aure da na kasuwancin auduga da tallace-tallace. Ta haka ɗan kasuwa ya sami dalilin sayen ta kamar yadda malamin makaranta ya samu. Bugu da ƙari, yawan buga harshen a kai a kai ya taimaka wajen sabar wa mutane da ƙa'idojin rubutunsa.

Shigarta Siyasa da Durƙushewarta

Jaridar ta fito ne a zamanin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa. A yaƙin Ijaye da ya ɓarke a 1860, Egbawa sun mara wa Ijaye baya a kan Ibadan, jaridar kuma ta bi ra'ayin mutanen garinta. Bayan Ingila ta mamaye Legas a 1861, sai dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Legas da Egbawa a kan hanyoyin ciniki da kuɗin fito. Wannan ya jefa Townsend cikin tsaka mai wuya: hukumomin Legas suna ganin jaridarsa na goyon bayan Egbawa, wasu Egbawa kuma suna kallon kowane Bature a matsayin ɗan'uwan masu mulkin Legas. Zargi ya ƙaru a 1865, lokacin da sojojin Gwamna John Glover suka kori mayaƙan Egba daga Ikorodu. A watan Oktoba na 1867 aka yi tarzomar da ake kira Ifole, wato fasa gidaje, inda aka far wa gidajen mishan, aka kori Turawa daga garin, aka lalata maɗaba'ar. Daga nan jaridar ta daina fitowa.

Kammalawa

Abubuwa biyu ne suka fito fili. Na farko, jaridar ta sami masu karatu ne saboda ta yi magana da harshensu a kan al'amuran da suka shafi rayuwarsu. Na biyu, ta dogara ga mutum ɗaya da maɗaba'a ɗaya, shi ya sa rikicin siyasa guda ya kawo ƙarshenta, har sai a 1888 aka sake samun jaridar Yarbanci a Legas, wato Iwe Irohin Eko. A ƙasar Hausa, an bi irin wannan tafarki a 1939 da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Ya kamata manhajar Hausa ta ba rubutun jarida gurbi a darussan karatu da insha'i, a kuma nuna wa ɗalibai yadda tarihin jaridun harsunan Nijeriya ya faro daga Abeokuta.