Itatuwan Gona a Arewacin Kano: Daga Idon Matafiya zuwa Hoton Jirgin Sama

Ƙasar da ta shimfiɗu daga ganuwar Kano zuwa arewa, wadda ta haɗa Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Dambatta, tana cikin yankin da masana labarin ƙasa suke kira karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wato inda gona take manne da gona, ake nomawa kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba a samun dajin da ba shi da mai shi. Duk da haka ƙasa ce mai itatuwa, domin a tsakiyar gero da dawa da gyaɗa akwai ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya da marke da kanya, kowace a tsaye ita kaɗai, da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta. Waɗannan itatuwa aikin manoma ne, su suka zaɓi wadda za ta rayu a lokacin sassabe, kuma tarihin yadda baƙi suka kalle su, suka zana su, daga bisani suka ɗauke su hoto, tarihi ne na yadda aka daɗe kafin a fahimci hakan.

Matafiyan Turawa na farko ba su zo da kyamara ba. Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, kuma a littafin tafiyarsu shi da Dixon Denham, wanda ya fito a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa sunan kimiyya Parkia don tunawa da matafiyi Mungo Park. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar Katsina ta Kusada da Bichi, ya isa birnin a farkon Fabrairun 1851, wato tsakiyar rani, lokacin da aka gama girbi gonaki suka buɗe, itatuwa suka fito fili. Ya yaba kyan ƙasar da yawan ƙauyukanta da manyan itatuwanta, sai dai hotunan da suke cikin littafinsa mai mujalladi biyar zane ne da wani mai zane, J. M. Bernatz, ya ƙawata a Jamus bisa zayyanar da Barth ya yi da hannunsa. Abin da matafiyi yake gani daga bayan doki shi ne inuwa da ƙawa. Lissafin da ya sa mai gona ya bar itaciya a wurin da za ta iya rage masa damin hatsi ba ya bayyana ga mai wucewa.

Lissafin kuwa a fili yake ga mutanen wurin. Ɗorawa tana ba da kalwa, wadda mata suke dafawa su surfa su rufe ta kwana biyu ko uku har ta zama daddawa, tana ba da garin nan rawaya da ake sha, sannan ɓawon 'ya'yanta shi ne makuba da ake jiƙawa a yi daɓe ko a shafe katanga don ruwan sama kada ya cinye ta. Kuka tana ba da ganyen miya da ɓawon igiya, bagaruwa tana ba majema abin jima, rimi yana ba da audugar matashi. Gawo ya fi su ban mamaki, saboda yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma dabbobin da suke fakewa a gindinsa da bazara suna cin 'ya'yansa su bar taki a nan. Shi ya sa geron da ke ƙarƙashin gawo yakan fi na kewaye tsayi da cikar zangarniya. Saboda wannan amfani itaciyar gona dukiya ce da ake gado, ana iya sayar da ita ko a sayar da amfaninta na shekara, kuma mai buƙatar itacen girki yakan hau ya sassare rassa ya bar gangar jikin ta sake tohowa. Likitan mulkin mallaka J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a wani ƙamus da ya fito a 1916, aikin da ya nuna faɗin wannan sani, ko da yake bai sauya ra'ayin ma'aikatan gandun daji ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, hankalin hukuma ya karkata ga tsoron cewa yawan mutane zai cinye itatuwa. A 1935 masanin daji E. P. Stebbing, bayan ɗan gajeren rangadi a arewacin Nijeriya da rani, ya wallafa cewa Sahara tana matsowa kudu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937 bai sami hujjar hakan ba, amma maganar ta riga ta zauna. Daga wannan tunani ne aka sami gandun daji na hukuma da dokokin hana sara, daga baya kuma jerin itatuwan kare iska irin na turare da aka dasa a yankin Dambatta, waɗanda bincike a Yambawa da ke yankin ya nuna saiwoyinsu suna ƙwace wa geron da ke kusa da su danshi. A wannan zamani ne kuma darbejiya, wadda asalinta daga nahiyar Asiya ne, aka kuma shigo da ita Borno a wajen 1928, ta fara bazuwa a bakin hanyoyi da kasuwanni.

Hoton da ya fi tasiri a wannan muhawara daga sama aka ɗauke shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen sama sun riƙa ɗaukar hoton ƙasar don zana taswira, suna tafiya layi-layi, kowane hoto yana hawa kan wani ɓangare na wanda ya gabace shi, ta yadda idan aka jera biyu a ƙarƙashin madubin da aka yi domin haka ƙasar takan bayyana da tudu da kwari. A hoton rani gona takan fito fari, kan kowace itaciya kuma ya fito baƙin ɗigo, don haka ana iya shata murabba'i a ƙirga ɗigon da ke ciki, a sake ƙirgawa a hoton wata shekarar. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 sannan ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan karkara tun tsakiyar shekarun 1960, ya kuma bi ƙauyen Tumbau na yankin Gezawa shekara da shekaru. Shi da abokan aikinsa, a binciken itacen girki na Kano da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 1990, sun gwada hotunan farkon shekarun 1970 da na 1981, suka haɗa da awo a ƙasa, suka ga yawan itatuwan gona bai ragu ba duk da farin 1973, kuma manyan itatuwa sun kai kimanin 12 zuwa 15 a hekta guda, wato eka biyu da rabi. Sun kuma gano cewa mafi yawan itacen da birnin yake ƙonawa manyan motoci ne suke kawo shi daga dazuka masu nisa, inda babu mai cewa itaciyar tasa ce. Ashe inda mutane suka fi cunkoso a nan aka fi kula da itace, saɓanin abin da aka shafe shekara hamsin ana faɗa.

Irin wannan ya faru a ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ana yi masa aski har ya zama itaciya, daga wajen 1983. Sai da aka gwada hotunan 1975 da na bayan 2000 aka yarda cewa filin da ya farfaɗo ya kai kimanin hekta miliyan 5.

Sai dai ɗigo a hoto ba ya faɗin sunan itaciya ko shekarunta, kuma a nan ne hujjar sama take da iyaka. Binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2018, wanda ya haɗa tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun 1960 da na zamani, ya nuna yawan itatuwa a gonakin Kano ya ƙaru sosai, amma awon ƙasa da hirar da aka yi da manoma sun nuna cewa darbejiya ce ta ɗauki kaso mafi girma na ƙarin, saboda tana tsiro da kanta daga irin da tsuntsaye da jemagu suke yarwa, tana saurin girma, awaki ba su cika damunta ba, kuma tana ba da itacen girki da na rufi. Ɗorawa da tsamiya da kuka kuwa mafi yawansu tsofaffi ne, ƙananan da za su gaje su ba su da yawa, domin ɗorawa tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya, tana son danshi fiye da abin da shekarun fari suka bari, kuma gonar da gado ya rarraba ta zama ƙarama ba ta iya ɗaukar faɗin inuwarta. Saboda haka manomin Minjibir da ya ce itatuwa sun ƙare da masanin da ya ce sun ƙaru kowannensu yana da gaskiya, tunda shi manomin itatuwan miya da daddawa yake ƙirgawa. A gidaje da yawa na yankin waken suya ya shiga wurin kalwa a tukunyar daddawa, masu sana'ar da suka nace wa ta kalwa kuma sukan saya a kasuwa, daga wadda fatake suke kawowa daga ƙasashen da suke kudu da Kano.