Tarihin Gasar Guje-guje ta 'Yan Makarantun Sakandare a Jamaika

Jamaika tsibiri ne a Tekun Karibiyan wanda mutanensa ba su cika miliyan uku ba, amma babu wata babbar gasar gudu ta duniya da za a yi a gama ba a ji sunanta ba. Masu bin diddigin wannan al'amari kan kawo dalilai iri-iri: wasu su ce doyar da ake nomawa a gundumar Trelawny ce, wasu su ce jinin kakanni ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Doya dai ana cin ta a ƙasashe da yawa, jikokin bayi kuma sun cika Birazil da Haiti. Abin da Jamaika take da shi wanda sauran ba su da irinsa shi ne wata gasa ta 'yan makarantun sakandare da ake yi kusan kowace shekara tun 1910, wadda mutanen ƙasar suke kira Champs a taƙaice.

A farkon ƙarni na ashirin Jamaika tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. An 'yanta bayi gaba ɗaya tun 1838, amma ilimin sakandare ya kasance na 'yan tsiraru: 'ya'yan Turawa masu gonakin rake, da 'ya'yan 'yan kasuwa, da na ma'aikatan gwamnati da masu wa'azin coci. Makarantun kansu an gina su ne a kan tsarin makarantun kwana na Ingila, inda malamai suka yi imani cewa filin wasa yana gyara halin yaro kamar yadda aji yake gyara ƙwaƙwalwarsa. Yaron da ya koyi juriya a wajen gudu, ya koyi karɓar kaye ba tare da ƙorafi ba, shi ne ake ganin zai iya riƙe ofis idan ya girma. Wannan tunanin ne ya sa kowace makaranta ta keɓe rana guda a shekara don wasannin motsa jiki, kuma daga nan aka kai ga tambayar da ba makawa sai an yi ta: wace makaranta ce ta fi?

An yi gasar farko a 1910 a filin Sabina Park da ke birnin Kingston, wanda asalinsa filin wasan kurket ne. Makarantun maza shida suka shiga: Wolmer's, da Jamaica College, da St George's College, da Potsdam wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Munro College, da New College, da kuma wata makaranta ta garin Mandeville. Wolmer's, wadda aka kafa tun 1729, ita ta zo ta ɗaya. A kan ciyawa ake gudu, da yadi ake auna nisa, agogon hannu kuma shi ne alƙali.

Shekara guda bayan haka wani ɗalibin Jamaica College mai suna Norman Manley ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10 cif. Yadi 100 bai kai mita 100 ba, ya gaza da kusan mita takwas da rabi, amma a wancan zamani, a kan ciyawa, wannan gudu ne na manya. Ba a sami ɗalibin da ya wuce shi ba sai a 1952, wato bayan shekara 41. A tsakanin nan yaron ya tafi Jami'ar Oxford, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama shahararren lauya, ya kafa jam'iyyar PNP a 1938. A 1955 ya zama shugaban gwamnatin tsibirin. Samun irin wannan mutum a jerin zakarunta na farko ya ba gasar wata daraja da ba kasafai wasan yara yake samu ba, domin manyan ƙasa ba sa raina abin da babbansu ya yi fice a cikinsa.

Biyu daga cikin makarantun da suka fi kowa suna a gasar ba su ma kasance a duniya ba lokacin da aka fara ta. Calabar High School, 'yan ɗariƙar Baftis ne suka kafa ta a 1912, ta kuma gaji sunanta daga wata kwalejin horar da masu wa'azi da aka buɗe a 1843. Sunan kuwa yana komawa ne ga garin Kalaba da ke kudu maso gabashin Nijeriya a yau, ɗaya daga cikin tashoshin da aka riƙa lodin bayi zuwa tsibiran Karibiyan. Kingston College kuma cocin Angilika ce ta buɗe ta a 1925 a ƙarƙashin Percival Gibson, wanda daga baya ya zama bishop, da niyyar ba 'ya'yan talakawan birni ilimin da a da sai masu hali. Calabar tana sa kore da baƙi, Kingston College tana sa shunayya da fari. Adawar da ke tsakanin waɗannan launuka ita ce gishirin gasar har yau, kuma akwai gidajen da uba da ɗa ba sa zama a ɓangare guda na filin wasa.

Duniya ta fara ganin amfanin wannan shuka ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A gasar Olamfik ta Landan a 1948, karo na farko da Jamaika ta halarta, Arthur Wint ya ci zinariya a tseren mita 400, Herb McKenley ya biyo shi da azurfa. Dukansu sun taɓa zama ɗaliban Calabar. A tseren miƙa sanda na mutum huɗu, mita 400 kowanne, jijiyar ƙafar Wint ta tsinke masa gudu a tsakiyar fili, ƙungiyar ta fita ba ta kammala ba. Bayan shekara huɗu, a Helsinki, mutanen nan huɗu, Wint da Leslie Laing da McKenley da George Rhoden, suka dawo suka kayar da Amurka, suka kafa tarihin duniya da minti 3 da daƙiƙa 3.9. McKenley ya karɓi sanda Amurka tana gaba da tazara mai yawa, ya gudu zagayensa cikin daƙiƙa 44.6, ya miƙa wa Rhoden yana ɗan gaba. Jamaika a lokacin ba ta da tutar kanta. Sai bayan shekara goma ta samu.

Abin da McKenley ya yi bayan ya daina gudu ya fi lambobinsa tasiri a kan gasar 'yan makaranta. Ya koma gida ya horar da ƙungiyar ƙasa, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana horar da yaran Calabar. Da yake ya yi karatu a jami'o'in Amurka, ya san hanyar da yaro mai gudu zai sami gurbin karatu kyauta a can, ya kuma buɗe wa ɗalibai da dama wannan ƙofa. Daga nan ma'anar Champs ta sauya a idon iyaye. A da wasa ne na gyaran tarbiyya ga 'ya'yan masu hali. Yanzu ta zama kasuwa inda masu horarwa na jami'o'in Amurka suke zuwa neman yara, kuma ɗan manomi yana iya fita daga cikinta da digiri. A 1964 Kingston College ta fara kai tawaga gasar Penn Relays a birnin Philadelphia, sauran makarantu suka bi sahu, har ta kai makarantun Jamaika sun mamaye tseren miƙa sanda na 'yan sakandare a can.

Sauye-sauye biyu a cikin gida sun taimaka. Na farko, a ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Norman Manley ta kawo jarrabawar shiga sakandare ta bai ɗaya wadda ta ba dubban 'ya'yan talakawa gurbi kyauta, aka kuma ci gaba da buɗe sababbin makarantu a karkara. Tafkin da ake kamun masu gudu a cikinsa ya faɗaɗa ƙwarai. Na biyu, a 1962, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai, aka buɗe babban filin wasa na ƙasa a Kingston, daga baya gasar ta koma can. A wannan shekarar ce Kingston College ta fara wani jerin nasarori da ba a taɓa maimaitawa ba: ta ci kofi sau 14 a jere, daga 1962 zuwa 1975. Yaron da aka haifa a shekarar 'yanci ya shiga sakandare bai taɓa ganin wata makaranta ta ɗaga kofin ba. Daga cikin ɗalibanta na wancan zamani akwai Lennox Miller, wanda ya ci azurfa a mita 100 a Olamfik ta 1968, da tagulla a ta 1972. Makarantar Camperdown kuma ta fito da Donald Quarrie, zakaran mita 200 a Montreal a 1976.

Sai dai yaro mai gudu bai isa ba idan babu wanda ya san yadda za a koya masa. A 1980 aka buɗe Kwalejin G. C. Foster ta horar da malaman wasanni, kyauta daga gwamnatin Kyuba. An sa mata sunan wani ɗan tseren Jamaika da ya yi tafiya har Landan a 1908 don ya shiga Olamfik, aka hana shi saboda tsibirin ba shi da wakilci a hukumar gasar. Waɗanda suka kammala wannan kwaleji sun bazu a makarantun karkara, kuma su ne suka sa ya zama da wuya yaro mai baiwa ya girma a wani ƙauye ba wanda ya lura da shi.

Tsarin gasar a yau ba shi da wuyar fahimta. Ana yin ta kwana biyar, galibi a ƙarshen watan Maris kafin hutun Ista. An raba maza aji uku bisa shekaru, aji na ɗaya shi ne na manya 'yan ƙasa da shekara 19. Ana tseren gajeren zango da na dogon zango, da tsallake shinge, da dogon tsalle da tsallen sama, da jifan dalma da faifai da mashi, sai tseren miƙa sanda wanda makinsa ya fi na sauran. Duk wanda ya zo cikin takwas na farko yana kawo wa makarantarsa maki, saboda haka makarantar da ke da tauraro guda ba ta cin kofi. Sai wadda ke da yara a kowane fanni. Yaron da ya zo na bakwai a jifan faifai yana iya zama sanadin nasara. Gasar 'yan mata, wadda ta kafu a 1957, an haɗe ta da ta maza a 1999, kamfanin GraceKennedy kuma yana ɗaukar nauyinsu tun 2007. A ranar ƙarshe mutum kusan dubu talatin kan cika filin, da ganguna da ƙahoni, gidajen talabijin suna watsawa kai tsaye.

A wannan fili Usain Bolt ya fara suna. Ɗalibi ne a William Knibb Memorial, wata makaranta a gundumar Trelawny wadda ba ta cikin manyan masu cin kofi, kuma da farko kurket ya fi so. A 2002, yana ɗan shekara 15, ya ci mita 200 a gasar matasa ta duniya da aka yi a Kingston. A Champs ta 2003 ya yi mita 200 cikin daƙiƙa 20.25, mita 400 cikin 45.35. Labarin Asafa Powell ya fi nuna aikin gasar. Shi bai ci komai ba a Champs, amma mai horarwa Stephen Francis ya gan shi, ya ɗauke shi zuwa ƙungiyar MVP a Kingston, kuma a 2005 ya kafa tarihin duniya a mita 100 da daƙiƙa 9.77. Da Francis da Glen Mills, wanda ya daɗe yana horarwa a Camperdown kafin ya karɓi Bolt, sun nuna cewa ba lalle ne zakaran makaranta ya ƙetara Amurka kafin ya zama zakaran duniya ba. Hanyar da McKenley ya buɗe ba ta rufe ba, amma ta daina zama ita kaɗai.

Gasar tana da nata tabon, kuma 'yan Jamaika da kansu ne suka fi kowa faɗa. Inda maki ya zama komai, akwai jarabar a sa yaro guda ya yi tsere da yawa cikin kwana biyar, tun daga zagayen share fage har na ƙarshe, alhali ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Taurari da dama sun haska a aji na uku da na biyu, suka kai shekara ashirin da raunin da bai warke ba. Sunayensu suna nan a littafin bajintar gasar, ba su taɓa sa rigar ƙasa a Olamfik ba. Akwai kuma farautar yara: manyan makarantun Kingston, da kuɗin tsofaffin ɗalibansu, suna janye masu gudu daga ƙananan makarantun karkara, har ma daga wasu tsibirai da ƙasashen Afirka ta Gabas. Hukumar ISSA, wadda shugabannin makarantu suke gudanarwa, ta sa dokoki kan yawan wasannin da yaro zai shiga, da sauya makaranta, da ƙoƙarin da dole ya nuna a aji kafin a bar shi ya fita fili. Dokokin sun rage ɓarna, amma wuya ne a ce sun kawar da ita, domin matsin yana fitowa ne daga mutanen da suka fi son gasar.

A 2010, shekarar cika ɗari, Wolmer's da ta ci kofin farko ta sake ɗaga shi. Calabar ta riƙe shi sau bakwai a jere daga 2012 zuwa 2018, Kingston College ta ƙwace a 2019, annobar korona ta hana a yi gasar a 2020, Jamaica College ta ci a 2021. A watan Maris na 2023 wani ɗalibin Kingston College, Bouwahjgie Nkrumie, ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.99, shi ne na farko da ya sauka ƙasa da daƙiƙa 10 a tarihin gasar. Lokacinsa da na Norman Manley kusan ɗaya ne a agogo, sai dai Nkrumie ya ƙara mita takwas da rabi a kai.