Neman asali cikin takardun ƙidaya da na aure

Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, ƙidayar da kumandan ke yi ƙauye-ƙauye ta lanho ce, sunan mai gida aka fi kula da shi. Bahaushe kuwa ba ya da sunan zuri'a: ɗa ya ɗauki sunan uba, na kaka ya ɓace. Magatakarda ya rubuta Issoufou nan, Youssouf can, alhali mutum guda ne. Mace ma, don kunya, ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari, sai laƙabi. Aure gaban liman da waliyyai da shaidu ake ɗaura shi, da wuya ya shiga rajista. Shi ya sa muke gwama takarda da bakin tsofaffi, musamman ga shekarun da suka gabaci ƙidayar ƙasa ta 1977.